Yashi a Fadamar Baba

Tun ina ƙarama aka san ni da baki, kuma kowa ya ce Baba ne ya ɓata ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunan a bakinsa ba, sai dai ya ce Uwata. To, yarinyar da ubanta ke kira Uwata, wa zai tsawata mata? Haka na tashi a ƙauyenmu da ke bayan Gazara, na yi karatu, na yi aure a Makarfi, na zama malamar firamare, bakin nan bai ragu da komai ba.

Fadama ce ta riƙe gidanmu. Rake Baba yake nomawa a cikinta, shi ma a hannun ubansa ya tarar da ita. Da raken nan muka ci muka sha, da shi aka kai ni makaranta, da shi aka yi wa ƙannena kayan ɗaki. Baba ba mai doguwar hira ba ne, amma in aka taɓo maganar fadamar nan, sai ka gaji ka ce za ka je salla.

Shekarar da zan ba da labarinta, ruwa ya yi mana wasa da hankali. Ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke ƙafa har shukar ta ƙone, aka fita roƙon ruwa, aka sake shuka. Da ya tashi dawowa kuma sai ya dawo gaba ɗaya. Aka wuni ana sheƙa shi, aka kwana, gari ya waye bai tsagaita ba. Rafin da ke gefen fadama, wanda muke tsallakewa da ƙafa muna yara, ya fasa gaɓa ya bi ta kan gonaki ya shigo har cikin gari.

Da ruwan ya janye na hau babur daga Makarfi na zo. Innalillahi! Na tsaya a inda na san fadamarmu take, ban gane ta ba. Yashi ne fari tas shimfiɗe iya ganinka, wani wurin ya kai gwiwa, wani wurin ya kai ƙugu. Nan da can kan rake ne ke leƙowa, ya yi rawaya. A cikin gari katangu sun zube, ɗakuna sun tsage, hatsin da ya rage a rumbu ya jiƙe har ya fara tsiro. Na tarar da Baba a kan buzunsa a ƙofar zaure. Na durƙusa na yi masa jaje ina kuka. Ya ce, "Alhamdulillahi, Uwata, ba a rasa rai ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ba a jima ba sai ga wani Alhaji mai gidan buga bulo a bakin titi. Abin da ya zame mana masifa, shi a wurinsa haja ce: yashi mai kyau, kusa da hanya, tifa za ta iya shiga. Ya ce Baba ya sayar masa da fadamar baki ɗaya. Ba mugun mutum ba ne, sana'arsa yake yi, amma na ga wuraren da tifofi suka gama da su. Ba yashin sama kaɗai suke ɗauka ba, haƙa suke yi har ƙasa su bar rami, damina ta zo ya zama kududdufi. Baba ya ce masa ya bari sai bayan kaka zai ba shi amsa. Ni kuwa na san Baba. Rumbu babu komai, ga iyali, yashin nan kuma ko garin duka ya taru da kwanduna ba zai kwashe shi ba. Bayan kakar nan tasa amincewa ce, furtawa ce kawai ta yi masa nauyi.

Ana cikin haka mai unguwa ya sa aka yi shela cewa baƙi za su zo daga birni, mutanen wata ƙungiya, su duba ɓarnar da ruwa ya yi. Aka ce akwai wani asusu da aka tanada domin garuruwan da sauyin yanayi ya cutar, kuma abin da baƙin suka gani da idonsu shi za su kai gaba. Na ji daɗi har na kasa cin abinci. Na ce to, Allah ya kawo mafita.

Ranar da za su zo na nemi izini a makaranta na taho da sassafe. Ina shiga gari na ja na tsaya. Jama'a, me zan gani? Garin nan ya sha gyara kamar za a kawo amarya. Ashe tun da aka ji baƙi na tafe aka yi gayya. An tayar da katangun bakin hanya an yi musu sabon yaɓe. Inda ba a samu tayarwa ba an kafa sabuwar zana ta rufe. An share ko'ina. Hatsin da ya ruɓe an kwashe an kai bayan gari an binne, kada wari ya dami baƙi. An aro darduma daga ƙauyen gaba an shimfiɗa a zauren mai unguwa. Inna, mahaifiyata, kaji biyu ne suka tsira mata daga ruwan nan, na tarar an fige su.

Na ce, "Inna, me ke nan kuka yi?"

Ta ce, "Baƙi za a yi. So kike su same mu kamar mahaukata?"

Baƙin suka iso da hantsi. Shugabarsu mace ce, 'yar Zariya, mai sanyin magana, ba ta girme ni da yawa ba. Ina bayan ƙofa wajen miƙa abinci, ina jin komai. Aka yi gaisuwa, doguwa kamar yadda aka saba. Ta tambaya yaya aka ji da ruwa. Dattawanmu suka haɗa baki suka ce ruwa ya yi gyara. Ta juya wajen Baba, da yake shi ne babba a wurin bayan mai unguwa da liman, ta ce, "Baba, me kuka rasa?" Ya gyara zaman hularsa ya ce, "'Yata, mu sai godiya. Asirinmu a rufe yake."

Da ta ce a kai su gonaki, sai aka bi da su ta hanyar tudu, inda dawa ta tsira tana tsaye kore shar, wai hanyar fadama akwai taɓo, kada takalman baƙi su ɓaci. Na so in yi ihu. Na leƙo, Baba ya yi mini kallo ɗaya, na koma. Duk bakina ban taɓa katse shi a gaban mutane ba. Abin da na iya kawai, da za su shiga mota na bi matar na karɓi lambar wayarta. Aka cika musu bayan mota da ƙwan zabi da ragowar mazarƙwailar bara, aka ɗaga musu hannu.

Sakamako bai ɓata lokaci ba. Aka ce garinmu ba ya cikin waɗanda abin ya yi wa tsanani, mutanensa sun farfaɗo da kansu.

Ranar da na ji, na zo gida ko mayafi ban cire ba. Na sami Baba a zaure, na gaishe shi a gurguje na ce, "Baba, kun kyauta! Kun ciyar da baƙi kajin Inna, kun nuna musu dawar wani. Yanzu sai a sayar wa mai bulo fadama kowa ya huta."

Bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa. Ya ce, "Uwata, so kike in tsaya gaban 'yar cikina in buɗe mata rumbu in ce dubi, ba ni da abin da zan ci? Ban yi roƙo ina saurayi ba, sai yanzu da furfura? Ruwa na Allah ne. Shi ya ba mu fadamar, Shi ya rufe ta. Wa zan kai ƙara?"

Na shige wajen Inna na huce a kan tukwane.

Da raina ya kwanta na kira matar nan. Ta gane ni. Ta ce, "Malama, na ga yaɓen ɗanye ne, na ga zanar sabuwa ce. Ni ma ta wajen uwa 'yar ƙauye ce, na san rufin asiri. Amma ba zan iya kai maganar da masu ita suka ce babu ba." Sannan ta yi mini bayanin da ban taɓa jin an yi shi dalla-dalla ba, duk da ina jin maganar sauyin yanayi a rediyo. Ta ce asusun nan ba na sadaka ba ne. Manyan ƙasashe masu masana'antu sun daɗe suna tura hayaƙi sama, sun yi arziki da shi, hayaƙin ya ɗumama duniya, ɗumin ya rikita damina, ta ƙi zuwa a kan lokaci, in ta zo kuma ta zo da hauka. Mu da ko wutar lantarki ba ta ishe mu ba, mu ne a gaba wajen shan wahalar. Shi ya sa ake ta fafutuka cewa waɗanda suka jawo su biya. Ta ce in dattawan suka nemi ta dawo da bakinsu, za ta dawo.

Na kai wa Baba bayanin nan da zafinsa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Allah ya kyauta," ya ɗauki butarsa ya fita.

A nan sai na faɗi wani abu game da Baba. A yankinmu in shanu suka shiga gonar mutum, akwai yadda ake yi. Mai gona ba ya taɓa komai. Ba ya tayar da karan da aka karya, ba ya share sawu, ko kashin shanun ba ya kawarwa. Sai ya je wajen mai unguwa, a turo dattawa, a kira mai shanu, a shiga gonar tare a zagaya, a ga ɓarna a ƙiyasta, mai shanu ya biya. In mai gona ya ga dama ya yafe wani abu, wannan tsakaninsa ne da Allah. Ba wanda ya taɓa jin kunyar nuna gonarsa a irin wannan rana. Baba kuwa shi ne a gaban dattawan da ake turawa tun ban yi wayo ba, domin manoma da makiyaya duk sun yarda ba ya ƙari ba ya ragi.

Wanda ya fi kowa sanin haka shi ne Arɗon Fulanin da ke zaune a gefen garinmu, abokin Baba tun suna samari, mu muna ce masa Baffa. Shanun mutanensa sun sha jawo masa biya a hannun Baba, hakan kuma bai taɓa hana su cin tuwo a kwano ɗaya ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo ta gidanmu, aka yi sa'a ina nan. Shi ma ruwan bai ƙyale shi ba, ya tafi masa da maruƙa, wurin kiwonsu na bakin rafi kuma ya koma yashi. Na kawo musu ruwa da fura, na ƙi tashi. Na ce, "Baffa, ka yi mana shari'a da abokinka." Na zayyana masa komai, har da maganar hayaƙi.

Baffa ya shafa gemu, ya dubi Baba ya ce, "Malam, ka ce ruwa na Allah ne?"

Baba ya ce, "Na wa ne in ba nasa ba?"

"To shanuna na wa ne?"



Baffa ya ce, "Shanu na Allah ne, dawa ta Allah ce, yunwar da ta kai su gonar ma Shi ya halicce ta. Amma tun muna da baƙin gashi, ka taɓa ce mini in tafi abina, Allah ne ya kawo? Kai ne fa kake durƙusawa kana nuna mini sawu, kana cewa Arɗo, wannan na bijimi ne, wannan na karsana. Ashe ni da nake kusa, mai sanda ɗaya, ni ne na iya biya. Masu manyan shanun da ke nesa kuwa, sai ku share musu sawu, ku yi yaɓe, ku yanka kaji."

Wallahi na so in yi guɗa. Can Baba ya ce, "Ai kai ana ganin sawun naka. Nasu fa?"

Na ce, "Baba, masana sun bi sawun, ba yau ba. A kan biya ake jayayya. Kai ma ai shaida ne. Daminar da ka sani kana yaro ita ce wannan?"

Ya girgiza kai. Ya ce da can ruwa da hankali yake zuwa, ya jiƙa ƙasa ya tafi ya dawo, manomi ya san lokacin shukarsa ba sai ya yi caca ba. Baffa kuwa yana shan furarsa kamar ba shi ya yi maganar ba. Sannan Baba ya ce, "In dai ɓarna ce, ba haka ake karɓar masu duba ta ba. Mun yi kuskure. Uwata, kira mini yarinyar nan."

Na kira ta na miƙa masa wayar. Ya gaishe ta, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi gajiyar hanya ta wancan zuwan, sannan ya ce, "'Yata, ki dawo. Ba mu nuna miki gonar ba."

Baba in ya juya, ya juya ke nan. Ya sami mai unguwa da liman, bayan sallar la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce wa jama'a ba roƙo za a yi ba, ɓarna za a nuna, kuma kowa ya san ƙa'idarta. A cire zanar nan. Kada a share komai. Kada a yanka ko tantabara. Baƙo yana da haƙƙin ruwan sha, shi za a ba su. Inna ta ce ita dai ba da ita ba, baƙo ya zo ya tafi da ruwa zalla a cikinsa, ta dama kunu a ɓoye ta ajiye a bayan randa.

Magana ta bi kasuwar Makarfi ta bazu. Ashe ba mu kaɗai muka yi wannan kwaɓar ba. Ranar da baƙin suka dawo sai ga mutane daga ɓangaren Kudan, ga wasu daga Malikanchi da Saulawa a kan babura, su ma ruwa ya ci su, su ma da yawansu sun yi gayyar yaɓe sun ce asirinsu a rufe yake. Sun zo ne su ga yadda za a yi.

Abin da suka gani ba zan manta da shi ba. Baba ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗauki sandar da yake zuwa duba ɓarna da ita, ya shige gaba. Baffa yana gefensa. Ta hanyar taɓon nan aka bi, matar ta tuɓe takalmi ta riƙe a hannu. A tsakiyar fadama Baba ya tsaya ya caka sandar cikin yashi, ya danna, ya danna, har ta kusa nutsewa kafin ta taɓa ƙasa, ya zaro ya nuna mata. Ya nuna inda rafi ya fasa. Ya faɗi fadamar wane ce nan, ta wane ce can, da abin da kowa ya dasa. Baffa ya nuna nasu wurin kiwon. Muryar Baba ko rawa ba ta yi ba, kansa a sama, kamar yadda na saba ganinsa a gonar wasu. Ina bayansu ina share hawaye da bakin mayafi, kuma ba na baƙin ciki ba ne, alfahari ne ya cika ni.

Da aka dawo cikin gari, Inna da kanta ta kama hannun matar ta kai ta bakin rumbu. Sai ta ɗage murfin ta ce, "Leƙa, 'yata." Daga nan sauran mata suka fara buɗe ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Kunun nan kuwa an sha shi, Baba ya yi kamar bai gani ba.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Bayan wani lokaci aka kira taro a Makarfi, mutanen garuruwan da abin ya shafa duk suka hallara. Matar ta tashi ta faɗi gaskiya ba ta ɓoye komai ba. Ta ce hanya biyu ce. Akwai rance mai sauƙi, yana nan a shirye, ana iya samunsa kafin kaka, a yi aiki a biya a hankali. Akwai kuma hanyar diyya, wadda ba a mayarwa, amma tana da nisa, sai an kai magana can sama an yi ta ja, kuma ba za ta iya rantsewa cewa za a samu ba.

Wuri ya ɗauki surutu. Mafi yawa rancen suke so, kuma ni ma a raina shi nake so, domin kaka ta matso, mai bulo yana jira. Sai Baba ya miƙe. Ya yi sallama ya ce, "Na tsufa ina duba ɓarna. Ban taɓa ganin inda shanu suka cinye wa mutum gona, mai shanun ya ce zo in ranta maka ka sayi iri, in ka girbe ka biya ni ba. In na karɓi rance, na yarda ke nan ni na yi wa kaina ɓarnar. Wanda ya matsu ya karɓa, ban ga laifinsa ba. Ni dai zan jira haƙƙina."

Baffa daga inda yake zaune ya ce, "Ni shaida ne, ko sau ɗaya bai taɓa bari na ranta wa mai gona ba, biya nake yi!"

Aka fashe da dariya, dariyar ta koma kabbara. Wasu kaɗan sun karɓi rancen, kuma ba wanda ya zarge su. Sauran suka bi Baba. Matar ta roƙe shi ya maimaita maganar ta ɗauka a waya, ta ce irin muryar da take nema ta kai can ke nan. Ya gyara babbar riga ya maimaita, bai canza ko kalma ba.

Sai jira. Kai, jiran nan ya ci ni. Kaka ta zo, ɗan abin da aka samu a tudu bai taka kara ya karya ba. Ni da maigidana muna aika hatsi, ƙannena ma suna yi, sai mu ba Inna a ɓoye don kada Baba ya mayar. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Mai bulo ya zo ya koma, ya sake zuwa, ya ce ya fara ganin wani wurin, in ba a ba shi amsa ba zai janye tayinsa. Na ji tsoro ƙwarai. Na ce a raina, in diyyar ba ta zo ba, mai saye kuma ya tafi, ni ce na raba tsohon nan da duka biyun. Inna ma ba ta raga mini ba. Ta ce, "In abin nan bai zo ba, ke da Arɗo za ku ciyar da mu." Baba kuwa kullum da safe sai ya je fadamar ya zagaya yashin ya dawo.

Ina cikin aji ina rubutu a allo waya ta yi ƙara. Matar ce. Ta ce, "Malama, an amince. Ba rance ba ne, ba za ku mayar da komai ba. Har da garuruwan Kudan da na Ikara da suka shigo." Ta ce abin da aka ware bai kai ɓarnar ba, kada in yi wa mutane alkawarin da ya wuce haka, amma an karɓe shi da sunan da muka kira shi, kuma mutanen gari ne za su zaɓi aikin da za a fara. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Yara suka miƙe suna tsalle ba su san dalili ba, hedimasta ya shigo a guje yana tambaya ko maciji ne.

Aka zauna a ƙofar mai unguwa, maza da mata, manoma da makiyaya, aka yi ta musu har aka daidaita. A fara kwashe yashi daga fadamu. A ɗaga gaɓar rafi a ƙarfafa ta inda ta fasa. A gyara wa shanu wurin kiwo da mashaya. Gidaje su biyo baya.

Ranar da katafila ta iso, ba wanda ya zauna a gida. Na rufe aji na zo. Mai bulo ma ya zo, ya ajiye motarsa a bakin hanya. Aka fara daga fadamar da ke kusa da rafi, aka zo ta Baba wajen azahar. Katafila ta sa baki ta tura, yashi. Ta koma ta sake turawa, yashi. A turawa ta gaba sai launin ya sauya, ƙasa ta bayyana baƙa ƙirin, da danshinta, ƙamshinta ya bugi hancin kowa. Mata suka ɗauki guɗa, maza suna kabbara, Baffa yana ɗaga sandarsa sama yana faɗin abin da ban ji ba da Fulatanci.

Baba ya ɗaga wa direban hannu ya tsaya. Ya gangara a hankali, ya durƙusa, ya damƙi ƙasar ya matse ta a tafinsa, ta dunƙule ba ta warwatse ba. Ya kai hanci. Ya daɗe a haka, kafaɗunsa suna motsi, kowa ya kawar da kai.

Da ya hauro, mai bulo ya matso ya gaishe shi ya ce, "Malam, kaka ta wuce. Ina jiran amsa."

Baba ya nuna masa tudun yashin da katafila ta tara a gefe ya ce, "Alhaji, ga abin da kake so can, kwashe, na ba ka. Ka dai sassauta wa mutanen garin nan in sun zo sayen bulo. Fadama kuwa ba ta sayarwa ba ce."

Alhajin ya yi dariya ya ce ya ji ya gode, ya tafi kiran tifa. Baba ya juyo ya gan ni, ƙasar tana hannunsa har yanzu. Ya ce, "Uwata, tsayuwar me kike yi kina kuka? Ki koma Makarfi ki nemo mini irin rake, mai kyau, mai ido da yawa, kada ki bari su haɗa ki da busasshe. Duk wanda ya tambaya ki ce nawa ne, bana zan dasa."

Washegari, tun masu rake ba su gama sauke kaya ba ina bakin kasuwa.